Daga Tiga zuwa Tafkin Chadi: Yadda nazarin raga ke auna ɗorewar muhallin yanki

Ruwan famfon da ake sha a birnin Kano, da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan, da busasshen kifin da ke fitowa daga Haɗeja da Nguru, da shinkafar fadamun Gashuwa, da jan tattasan Difa ta Jamhuriyar Nijar, duk tushensu kwari ɗaya ne. Masana na kiran sa kwarin Haɗeja-Jama'are-Komadugu-Yobe. Ya taɓa jihohi shida na Najeriya, wato Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, sannan kogin ya zama kan iyaka tsakanin Najeriya da Nijar kafin ya faɗa Tafkin Chadi.

Sai dai idan aka zo lissafin lafiyar muhalli, kowace jiha nata take ƙirgawa, kowace ma'aikata kuma da nata rahoton. Ma'aikatar gona ta faɗi yawan hektar da aka noma, hukumar ruwa ta faɗi yawan litar da ta tura gari, ma'aikatar muhalli ta faɗi yawan itatuwan da aka dasa. Kowane rahoto na iya zama gaskiya, amma ko an tara su wuri guda ba za su amsa babbar tambayar ba: shin yankin zai ci gaba da ciyar da mutanensa nan da shekara 30, ko kuwa ribar da ake gani a wani gari asara ce da aka tura wa wani garin?

Domin amsa irin wannan tambaya ne masana muhalli suke amfani da wata dabarar lissafi da za a iya kira nazarin raga.

Mene ne nazarin raga?

Duk wanda ya taɓa ganin ragar masunta ya san abu biyu ne suka yi ta: ƙulli da zare. Ƙarfin raga ya dogara ne ga yadda zaren ya ɗaure ƙulli da ƙulli. Idan aka ja ta a gefe ɗaya, sai ɗaya gefen ya motsa. Idan zare ya tsinke a wani wuri, ba a rasa komai ba. Idan ya tsinke a wani wurin kuwa, sai kifin duka ya zube.

A wannan nazari, ƙulli shi ne duk wani wuri ko sashe da ke karɓar abu ya kuma bayar: dam, birni, gonakin rani, masana'anta, fadama, ruwan ƙarƙashin ƙasa. Zare kuma shi ne abin da ke gudana tsakaninsu, ko ruwa ne, ko abinci, ko makamashi, ko kuɗi, ko ma dagwalo. Kowane zare yana da inda ya fito da inda ya nufa, yana kuma da kauri, wato yawan abin da ke bi ta cikinsa.

Dabarar tana da tsohon tarihi. A 1736 masanin lissafi Leonhard Euler, ɗan asalin Suwizalan, ya warware wata wasa ƙwaƙwalwa game da gadoji bakwai na birnin Konigsberg, wanda a yau ake kira Kaliningrad a Rasha. Tambayar ita ce ko mutum zai iya zaga garin ya bi ta kowace gada sau ɗaya tak. Euler ya ajiye taswira gefe, ya mayar da kowane yanki ɗigo, kowace gada layi, ya nuna cewa hakan ba zai yiwu ba. Daga nan wannan reshe na lissafi ya samo asali.

Bayan shekara 200, masanin tattalin arziki Wassily Leontief ya tsara jadawalin da ke nuna abin da kowane sashe na tattalin arzikin Amurka ke saya daga sauran sassa da abin da yake sayar musu. Wannan aiki ya sa ya samu kyautar Nobel a 1973. A wannan shekarar ce Bruce Hannon ya ɗauko jadawalin ya yi amfani da shi wajen bin sawun makamashi tsakanin tsirrai da dabbobi. Daga baya masana suka faɗaɗa shi zuwa birane da kwaruruka da yankuna.

Aikin yana da matakai. Da farko a shata iyakar yankin da za a duba. Sai a lissafo ƙulle-ƙullen da ke ciki. Sai a auna abin da ke gudana daga kowane zuwa kowane da ma'auni ɗaya, misali kyubik mita na ruwa a shekara, a haɗa da abin da ke shigowa daga waje kamar ruwan sama, da abin da ke salwanta kamar wanda rana ke ƙafarwa. A ƙarshe a zuba alƙaluman cikin jadawali, kwamfuta ta yi lissafin.

Yadda ragar kwarin take

Manyan koguna biyu ne ke ciyar da kwarin. Na farko shi ne Kogin Haɗeja, wanda ke samuwa bayan Kogin Kano da Kogin Calawa sun haɗu a kudu da birnin Kano. Daga nan ya wuce ta Wudil da Ringim zuwa Haɗeja. Na biyu shi ne Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Bauchi. Dukansu suna bazuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sannan ruwansu ya tattaru ya zama Kogin Yobe a wajejen Gashuwa, ya bi ta Gaidam da Damasak da Difa har bakin tafki.

A kan Kogin Kano aka gina Dam ɗin Tiga zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala shi a 1974 da nufin ya riƙe ruwa kusan kyubik mita biliyan 2. A 1992 aka kammala Dam ɗin Calawa a Ƙaraye, mai ɗaukar sama da kyubik mita miliyan 900. Tiga ke shayar da gonakin rani na Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Ruwan da ake saki daga dam-dam ɗin biyu shi matatun Tamburawa da Calawa ke tacewa domin birnin Kano, shi kuma ke isa aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke Auyo.

Fadamun da ke ƙasa su ma ƙulli ne mai nauyi. Idan ambaliyar damina ta malale su, a noma shinkafa, a kama kifi. Idan ruwa ya janye, a shuka wake da kayan lambu a danshin da ya bari, makiyaya kuma su sauko da shanu cin ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Ruwan da ya kwanta yana nutsewa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ma a nan suke yada zango, shi ya sa a shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Abubuwa huɗu da ake aunawa

Abu na farko shi ne mashiga, wato ƙullin da yawancin hanyoyi ke ratsawa. 'Yan kasuwa sun san wannan sarai: akwai gadar da idan ta karye, kaya ba za su shigo gari ba, komai yawan motoci. Lissafin raga yana ƙirga hanyoyi nawa ne ke bi ta kowane ƙulli, ya fito da waɗanda rayuwar sauran ta rataya a kansu. A ɓangaren Kogin Haɗeja, Tiga da Calawa ne mashiga, domin yawancin ruwan da ke gangarowa sai ya bi ta ƙofofinsu. Jadawalin buɗe waɗannan ƙofofi, wanda ake tsarawa a ofis, yana shafar masuncin da ke ɗaruruwan kilomita daga wurin.

Abu na biyu shi ne tasirin nesa, wanda ke faruwa ta hannun wani. Labarin ciyawar kacalla ya isa misali. Kafin a gina dam-dam ɗin, kogin yakan tumbatsa da damina ya share hanyarsa, da rani kuma ya kusan ƙafewa, ciyawa ta bushe. Bayan an gina su, sai ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan shi ne yanayin da kacalla ke so. Ta yaɗu, ta tare laka, ta toshe rassan kogin. Ruwan da ya rasa hanya sai ya karkata zuwa mashigar Marma ya kwanta a gonakin mutane, yayin da tsohuwar hanyar kogin da reshen Burum Gana suka riƙa samun kaɗan. Tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikin kacallar, suna fita suna cinye shinkafa da gero. Babu zare ko ɗaya da ya haɗa ƙofar dam da bakin tsuntsu kai-tsaye, amma mataki huɗu ko biyar ne kawai tsakaninsu. Jadawalin Leontief an yi shi ne musamman domin tara irin wannan tasiri, na kusa da na nesa, ya fitar da jimilla.

Abu na uku shi ne juyawa, wato sau nawa abu ke zagayowa a sake amfani da shi kafin ya fice daga yankin. John Finn ya fito da ma'aunin wannan a 1976. Ruwan da ya tsiyayo daga gonar Kadawa ya koma kogi, manomin Auyo ya sake shayar da shukarsa da shi, ya yi aiki sau biyu. Amma juyawa tana da sharaɗi. Idan ruwan da ya fito daga majemun fata na Sharaɗa da Calawa ya koma kogi ɗauke da sinadarai ba a tace shi ba, zaren da ke kai albarka shi zai kai guba ga mai lambu, daga nan zuwa kwandon alayyafo a kasuwa. Saboda haka ake zana ragar dagwalo dabam, a ɗora ta kan ragar ruwa.

Abu na huɗu shi ne daidaito tsakanin kaifin aiki da ajiyar ko-ta-kwana, kuma shi ne ya fi kusa da ma'anar ɗorewa. A ɗauki ɗan kasuwar da ke sayen dukan kayansa daga dila ɗaya, ta hanya ɗaya. Yana samun rangwame, kuɗin motarsa kaɗan ne, ribarsa ta fi ta kowa, har ranar da dilan ya karye ko aka rufe hanyar. Wani kuma yana saye daga dila 20, kowane ɗan kaɗan. Ba ya rasa kaya, amma wahala da kuɗin zirga-zirga sun cinye ribar. Wanda ke daɗewa a kasuwa shi ne na tsakiya, mai manyan diloli biyu ko uku da wasu ƙanana da yake riƙe da zumuncinsu.

Masanin muhalli Robert Ulanowicz na Amurka ya mayar da wannan hikima lissafi. Ya auna yadda gudana ta taru a 'yan zaruruwa masu kauri, ya kuma auna yawan hanyoyin da za a iya bi idan babbar ta toshe. Da shi da abokan aikinsa suka duba tsare-tsaren halittu iri-iri, sai suka ga waɗanda suka daɗe suna rayuwa sun taru ne a tsaka-tsaki. Wanda ya cika tsari yakan karye da girgiza ɗaya, wanda kuma ya cika warwatsuwa ba ya tara ƙarfin bunƙasa.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan kwarin, hoton yana fitowa fili. Fadama ta gargajiya tana da hanyoyin samu da yawa: shekarar da shinkafa ta ƙi, kifi ya yi; shekarar da kifi ya yi ƙaranci, kiwo da kaba da kanwa su rufa asiri. Babban aikin noman rani kuwa yana tara ruwa a magudana ɗaya domin amfanin gona kaɗan masu kuɗi. Yana ba da yabanya mai yawa a hekta, amma idan magudanar ta fashe ko farashin tumatir ya faɗi, babu wurin dafawa. Yanki mai ɗorewa yana buƙatar duka biyun, aikin lissafin shi ne nuna lokacin da ɗaya ya fara cinye ɗaya.

Ribar sama, asarar ƙasa

An taɓa yin lissafin da ya bi ruwan kwarin daga sama har ƙasa. A 1998 masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, sun haɗa ƙididdigar gudanar ruwa da ta tattalin arziki, suka kwatanta abin da manyan ayyukan noman rani ke samarwa da abin da fadamun Haɗeja da Jama'are ke rasawa na noma da kamun kifi da itacen girki idan aka tare musu ruwa. Sakamakon ya nuna cewa ribar da ake samu a sama ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na asarar da ake yi a ƙasa ba. Sun kuma nuna cewa sakin ruwa daga dam-dam a kan lokaci, yadda zai kwaikwayi ambaliyar damina, zai rage asarar sosai.

Dalilin da ya sa irin wannan asara ke ɓoyewa a bayyane yake. Buhunan da aka girbe a aikin gwamnati suna shiga rahoto. Kifin da aka ci a gida, da nonon da aka tatsa a fadama, da ruwan rijiyar da bai ƙafe ba, babu mai rubuta su.

Wannan ne ya sa batun Dam ɗin Kafin Zaki a Jihar Bauchi ya daɗe yana jawo muhawara. An fara aikinsa an dakatar fiye da sau ɗaya. Masu goyon baya suna hangen noman rani da aikin yi ga matasa, kuma buƙatarsu ta gaskiya ce. Jihohin Yobe da Borno kuwa sun nuna adawa, domin tun da dam-dam da kacalla suka rage abin da Kogin Haɗeja ke kaiwa Gashuwa, Kogin Jama'are ne ke ɗauke da mafi yawan ruwan Kogin Yobe. A harshen nazarin raga, shi ne babban zaren da ya rage ba a ɗaure ba.

Tafkin Chadi ma yana koyar da darasi game da kaurin zare. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 bayan farin shekarun 1970 da 1980. Kogunan Shari da Lagon da ke shigowa ta kudu su ke kawo kusan dukan ruwan kogi da tafkin ke samu, rabon Kogin Yobe kaɗan ne. Amma shi ke zuba a ɓangaren arewa, wanda ya fi saurin ƙafewa. Siririn zare na iya zama shi ne rayuwar waɗanda ke ƙarshensa.

Ragar hukumomi

Ana kuma zana raga ta biyu, wadda ƙulle-ƙullenta hukumomi ne da ƙungiyoyi, zarenta kuma musayar bayanai da yanke shawara tare. Sai a ɗora ta kan ragar ruwa a ga ko sun dace. Duk inda ruwa ya haɗa wurare biyu amma masu kula da su ba sa zama tare, to nan rikici ke tsira.

Saman kwarin yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, wadda aka kafa a 1976. Ƙasansa kuma yana ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi da ke Maiduguri. Ga hukumomin ruwa da ma'aikatun jihohi shida, ga Hukumar Tafkin Chadi ta ƙasa da ƙasa da Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, ga yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Najeriya da Nijar kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai. Taron da jihohin shida suka yi a Damaturu a 2006, inda aka kafa asusun kula da kwarin, yunƙuri ne na ɗinke wannan ɓaraka. Nazarin raga zai iya nuna ko ɗinkin ya kama: wa ke aika wa wa alƙaluma, sau nawa, kuma ko masunta da makiyaya da ƙananan manoma suna da zaren da ya kai su teburin shawara.

Ƙasar Sin ta fuskanci irin wannan matsala a Rawayen Kogi, wanda ya ratsa larduna da dama, kowane yana ɗibar abin da ya ga dama. A 1997 ƙarshen kogin ya ƙafe har kwana 226. Daga 1999 aka mayar da rabon ruwan hannun hukuma ɗaya mai duba kogin daga tushe zuwa teku, tun daga lokacin kuma bai sake yankewa ba. Ruwan sama bai ƙaru saboda doka ba. Ragar hukumomi ce aka gyara ta dace da ta kogi.

Inda dabarar ta tsaya

Lissafi ba ya fin alƙaluman da aka ba shi inganci. Nazarin raga yana buƙatar ma'aunan ruwa masu aiki a Wudil, Haɗeja, Gashuwa da sauran mashigai, ana karanta su kullum shekara da shekaru. Yana buƙatar sanin yawan ruwan da dubban injinan ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse ke zuƙa, waɗanda akasarinsu ba su cikin kowane kundi. Rashin tsaro a ƙasan kwarin ya ƙara wahalar tattara bayanai. Hotunan tauraron ɗan Adam suna taimakawa wajen ganin faɗin ambaliya da yaɗuwar kacalla, amma ba sa maye gurbin ma'aikacin da ke bakin kogi.

Haka kuma wanda ya shata iyaka shi ke zaɓar abin da za a gani. Idan aka tsaya a iyakar jiha ɗaya, duk ruwan da ya wuce ta za a rubuta shi a matsayin asara, alhali shi ne abincin maƙwabta. Jadawalin shekara guda kuma yana ɓoye bambancin watan Agusta da watan Afrilu, ga shi a wannan yanki lokacin zuwan ruwa yana da nauyi kamar yawansa.

A ƙarshe, lissafin zai faɗi wanda zai samu da wanda zai rasa, amma ba zai yanke hukuncin abin da ya fi adalci tsakanin mai shan famfo a Kano da mai jefa koma a Nguru ba. Wannan aikin shugabanni ne da al'ummomin da abin ya shafa.

Duk da haka amfaninsa a aikace yake. Jami'in da aka kawo wa takardar sabon dam ko faɗaɗa gonakin rani yana da tambayoyin da zai yi kafin ya sa hannu: daga wane zare za a ɗebi ruwan, su wa ke ƙarshen zaren, wace hanya ta rage musu idan wannan ta yanke, kuma an zauna da su? Ɗan kasuwar da ke sayen shinkafa a Kura, ko kifi a Haɗeja, ko shanu a Maigatari da Potiskum, shi ma ƙulli ne a ragar, domin farashin da zai tarar a kasuwa da bazara yana da alaƙa da yawan ruwan da aka saki daga Tiga da Calawa a daminar da ta gabata, da kuma yawan wanda kacalla ta bari ya wuce.